Katin da ke ƙasan akwatin Yaya: tarihin dashen mama da wa'adinsa

Ranar wata Laraba bayan sallar Isha'i Yaya ta kira ni, muryarta ƙasa-ƙasa kamar mai gudun kada yara su ji. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ta ce, "Auta, wai da gaske ne robar nan shekara goma take yi? Tawa fa ta shiga ta goma sha ɗaya, ga Umra a gabana. An ce idan ta tsufa a cikin jirgi take fashewa."

Na ce, "Yaya, wa ya gaya miki?"

Ta ce a wajen biki ta ji wasu mata suna hirar, ta yi shiru kamar ba ta san zancen ba, amma tun ranar barci ya ƙaurace mata.

Robar da take nufi wata jakar silikon ce da aka dasa mata a ƙirjin hagu. Sankarar mama ce ta kama ta, aka cire maman gaba ɗaya a wani asibiti a Indiya, ni ce kuma na yi mata rakiya na zauna jinya. Ina tuna ranar da likita ya ɗora samfurin jakar a tafin hannuna. Ta yi sanyi, ta yi laushi kamar ƙullin kamu a leda, tana da ɗan nauyi. Kafin Yaya ta yarda a sa mata, sai da maigidanta ya tambayi malaminsu, malamin ya kawo labarin sahabin nan Arfaja ɗan As'ad, wanda aka datse wa hanci a yaƙi tun zamanin jahiliyya. Ya sa hancin azurfa ya yi masa wari, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. Malam ya ce gyaran abin da cuta ta ɓata daban yake da canza halitta don ado. A lokacin hukuncin kawai muka ɗauka. Sai yanzu na lura da ɗaya darasin da ke cikin labarin: abin da aka fara sa wa Arfaja bai zauna ba, sai da aka canza.

Ni malamar tarihi ce, abin da na saba koya wa 'yan mata shi ne fataucin Sahara da jihadin Shehu. Amma na san cewa idan abu ya rikice maka, ka nemi mafarinsa. Na ce wa Yaya ta ba ni mako biyu. Na yi karatu, na kuma zauna da wata tsohuwar ɗalibata da ta zama likita, ta warware mini inda na cije. Abin da na samu ke nan nake rubutawa, don na tabbata ba Yaya kaɗai ke kwana da wannan tambaya ba.

Sana'ar ta fara ne da irin larurar Yaya. A shekarar 1895 wani likitan tiyata a birnin Heidelberg na Jamus, Vincenz Czerny, ya ba da rahoton yadda ya cire ƙari daga maman wata mata, wurin ya lotsa. Ya duba ya ga tana da wani dunƙulen kitse mara lahani a bayanta, sai ya yanko shi ya cike gurbin da shi. Da naman jikinta aka yi mata gyara. Matsalar ita ce ba kowace mace ke yawo da dunƙulen kitse na ajiya ba, don haka likitoci suka shiga neman abin da za su cusa daga waje.

Shekaru sittin da suka biyo baya ba su da daɗin karantawa. A ƙarshen ƙarni na 19 wani likita a Vienna, Robert Gersuny, ya fara yi wa mutane allurar narkakken kakin farafin, ɗan'uwan wanda ake kyandir da shi, don cike inda jiki ya lotsa, wasu kuma suka kai dabarar ga mama. Da farko abin gwanin sha'awa. Bayan 'yan shekaru sai kakin ya daskare ya zama duwatsu a cikin nama, ya yi gyambo, wata ma sai an yanke maman ɗungurungum. Aka gwada hauren giwa, aka gwada ƙwallayen gilashi, aka gwada guringuntsin sa. A shekarun 1950 aka koma soson roba, shi kuma nama ya riƙa shiga cikin ƙofofinsa, ya tsuke, ya taurare. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a Japan, aka fara ɗura wa mata ruwan silikon kai tsaye da sirinji, al'adar ta tsallaka Amurka ta sami gindin zama tsakanin masu rawa a gidajen dare. Ruwan ya riƙa malala zuwa inda ba a aike shi ba, har jihar Nevada ta mai da yin wannan allura laifi a 1975. Kowane ɗaya cikin waɗannan, da farko an ce an samo maganin abin. Aibinsa ba ya fitowa sai an shekara biyar ko goma, lokacin mai sayarwa ya riga ya ci kasuwarsa.

Jakar da muka sani yau a birnin Houston na jihar Texas aka haife ta. Ana ba da labarin cewa wani matashin likita, Frank Gerow, ya riƙe ledar ƙarin jini a hannu ya ji laushinta kamar na mama. Shi da maigidansa Thomas Cronin suka haɗa kai da kamfanin Dow Corning, aka ƙera jakar roba mai kauri aka cika ta da silikon mai danƙo. Hikimar ita ce a tsare silikon ɗin a cikin gida, kada ya yi yawo. A jikin wata karya mai suna Esmeralda aka fara gwadawa. Mutum ta farko kuwa ita ce Timmie Jean Lindsey, uwar 'ya'ya shida, a shekarar 1962. Ba ma don wannan ta je asibiti ba, zanen fure ne a ƙirjinta take so a goge mata. Likitocin suka lallashe ta, ta ce ta yarda in za a gyara mata kunnuwanta da suka buɗe. Aka yi ciniki a haka. Shekara ɗaya bayan nan Cronin da Gerow suka gabatar da aikinsu a taron likitocin gyaran jiki na duniya a Washington, ana ta murna an sami abin da mace za ta mutu da shi a jikinta.

Abin mamaki, ga Lindsey kam kusan haka aka yi. Da 'yan jarida suka neme ta a 2012, bayan shekara hamsin, jakunkunan farko ne dai a ƙirjinta, ko da yake sun taurare kuma sun sha ba ta ciwo. Na karanta wa Yaya wannan a waya, ta ce, "To ka ji, ashe ma ana daɗewa." Na ce ta dakata tukuna, labarin bai kai rabi ba.

Jikin ɗan'adam ba ya karɓar baƙo hannu biyu. Duk abin da aka sa masa wanda ba nasa ba, sai ya saƙa masa tantanin tabo ya kewaye shi. A wajen mata da yawa tantanin yakan zauna da laushi. A wajen wasu kuwa yakan yi kauri ya tsuke, ya matse jakar har mama ya yi tauri kamar ɗanyar gwanda, ya haye sama, ya riƙa zafi. Likitoci sun kasa wannan tsukewa mataki huɗu da suke kira ma'aunin Baker, daga wanda ba a ji ba a gani har zuwa mai tauri da ciwo. Wannan shi ne babban ƙorafin da aka yi da jakunkunan farko. A shekarun 1970 kamfanoni suka ce sun gano bakin zaren: a rage kaurin jakar, a tsinka silikon ɗin, sai abin ya yi laushi. Laushi kam an samu. Amma jaka mai siririn bango ba ta jure gogayyar shekaru, ta riƙa yagewa, wata ma ba ta yage ba silikon na tsattsafowa ta jikinta kamar gumin randa. Garin gyaran gira aka rasa ido. A gefe guda kuma, tun a tsakiyar shekarun 1960 wani Bafaranshe, Henri Arion, ya fito da jakar da ake cika wa da ruwan gishiri irin na ƙarin ruwa a asibiti. Ita idan ta huje ruwan ba ya cutarwa, jiki ke shanye shi, sai dai mama ya sace cikin 'yan kwanaki kamar tayar keke.

Duk wannan ana yi ne babu mai tsaron ƙofa. Sai a 1976 majalisar Amurka ta ba hukumar FDA, takwarar NAFDAC ɗinmu, ikon sa ido kan kayan da ake dasawa a jiki, kuma kayan da suka riga suka shiga kasuwa aka ƙyale su suka ci gaba. A ƙarshen 1990 'yar jaridar talabijin Connie Chung ta gabatar da shirin da mata suka fito suna cewa silikon ya jawo musu ciwon gaɓoɓi da kasala da cututtukan garkuwar jiki. Ƙasa ta ɗauka. A watan Janairun 1992 shugaban FDA, David Kessler, ya nemi a dakatar da sa jakar silikon, domin kamfanoni sun shekara talatin suna sayarwa ba su da cikakkiyar shaidar cewa ba ta da lahani. Daga baya aka bar ta ga masu larura irin ta Yaya kawai, ƙarƙashin bincike, masu neman ado suka koma ta ruwan gishiri. Ƙararraki suka yi wa Dow Corning rubdugu, a 1995 ya shelanta karyewa, aka ƙare da yarjejeniyar diyya ta dala biliyan 3.2.

Sai a 1999 Cibiyar Nazarin Lafiya ta Amurka ta tattara binciken da aka yi ta fitar da hukunci mai fuska biyu. Ta ce ba ta ga shaidar cewa silikon na haddasa waɗancan manyan cututtuka na jiki duka ba. Amma ta ce matsalolin da ke faruwa a wurin da aka yi dashen, wato fashewa da tsukewa da ciwo da komawa tiyata, suna da yawa, kuma suna ƙaruwa da tsufan jakar. A ganina nan ne tarihin ya juya. An shekara goma ana faɗa kan ko jakar guba ce, ashe tambayar da ta fi shafar yawancin mata ita ce tsawon kwananta. Da FDA ta sake buɗe wa jakar silikon ƙofa a watan Nuwamban 2006, ga kamfanonin Mentor da Allergan, ta gindaya sharuɗɗa: mai neman ado sai ta kai shekara 22, kuma dole a gaya wa kowa a rubuce cewa wannan kaya ba na zaman har abada ba ne. A rahotonta na 2011 ta ce cikin mata biyar da suka sa don ado, ana iya samun ɗaya da za a cire wa cikin shekara takwas zuwa goma. Ga waɗanda aka sa wa bayan cire mama kuwa, adadin yana iya kaiwa rabi.

Daga ina "shekara goma" ta fito ke nan? Wani ɓangare daga irin waɗannan alƙaluma ne, domin manyan binciken da aka ɗora wa kamfanoni na shekara goma ne. Wani ɓangaren kuma daga takardar garanti, domin manyan kamfanoni sun saba ɗaukar wani kaso na kuɗin tiyata idan jaka ta fashe cikin shekara goman farko. Daga bakin wannan zuwa kunnen wancan, sai adadin ya zama kamar ranar lalacewa da ake bugawa a gwangwanin madara. Ɗalibata likita ta yi dariya da na gaya mata haka. Ta ce, "Malama, akwai wadda tata ke lalacewa a shekara uku, akwai mai kai ashirin lafiya lau. Ba ma yanka mace don kalanda ta cika. Muna dubawa ne, in mun ga dalili mu yi aiki."

Dubawar ita ce wuyar aikin, domin jakar silikon ta zamani tana iya yagewa mace ba ta sani ba. Silikon ɗin yanzu mai kauri ne, yakan tsaya a cikin tantanin da jiki ya saƙa, babu ciwo, babu canjin kama. Shi ya sa a 2006 aka ce a yi hoton MRI bayan shekara uku, sannan duk bayan shekara biyu. Mata ƙalilan ne suka iya bi saboda tsada. A 2020 aka sassauta: a yi sikanin ko MRI a shekara ta biyar zuwa ta shida, daga nan duk bayan shekara biyu zuwa uku. Yaya ta fi shekara goma tana zuwa a duba mata ko sankara ta dawo, amma ko sau ɗaya ba a ɗora na'ura don duba lafiyar jakar kanta ba. Ba wanda ya ce mata ana yi, mu ma ba mu tambaya ba.

Akwai labari biyu na baya-bayan nan da suka sa na tashi Yaya tsaye neman wata 'yar takarda. Na farko na Faransa ne. Kamfanin PIP da ke La Seyne-sur-Mer, mallakar Jean-Claude Mas, ya shekara da shekaru yana cika jakunkunansa da silikon na masana'antu wanda ba a amince a sa a jikin mutum ba, saboda ya fi araha nesa ba kusa ba. Da yake ana sanar da su kafin masu bincike su zo, sai a ɓoye gangunan. Likitoci ne suka lura jakunkunan na yawan fashewa, hukuma ta janye su daga kasuwa a watan Maris na 2010. A lokacin sun riga sun shiga jikin dubban ɗaruruwan mata a ƙasashe kusan 65, da yawansu a Kudancin Amurka. A ƙarshen 2011 gwamnatin Faransa ta shawarci mata 30,000 su je a cire musu, a Birtaniya kuma aka ƙiyasta mata 47,000 abin ya shafa. Kotun Marseille ta yanke wa Mas ɗaurin shekara huɗu a 2013. Araha ba ta ado. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yawan matan da ba su ma san wace irin jaka ce a jikinsu ba, asibitin da ya yi musu aiki ya rufe, babu takarda, babu wanda za a tambaya. Wannan ne ya sa Ingila ta buɗe rajistar masu dashen mama a 2016.

Na biyu ya shafi fatar jakar. Akwai mai santsi, akwai mai kaushi wadda aka ƙirƙiro don ta kama nama kada ta juya. Tun 1997 aka fara ganin wata sankara da ba a saba gani ba tana fitowa a cikin tantanin da ke kewaye da jaka. Ba sankarar mama ba ce, ta ƙwayoyin garkuwar jiki ce, ana kiran ta BIA-ALCL, kuma kusan duk inda aka same ta jakar mai kaushi ce. A watan Yulin 2019 Allergan ya janye samfurinsa mai suna Biocell daga kasuwannin duniya. A lokacin FDA ta ƙirga mutum 573 da suka kamu, 33 sun rasu, 481 daga cikin masu cutar kuma jakar wannan kamfani ce a jikinsu. Cutar ba ta da yawa idan aka kwatanta da miliyoyin masu dashe, kuma idan an gano ta da wuri yawanci cire jakar da tantaninta ya wadatar. Hukumar ba ta ce duk mai jaka mai kaushi ta garzaya a cire mata ba. Cewa ta yi a san alamar: mama ya kumbura haka kawai, shekaru bayan aiki, sau da yawa wajen shekara takwas zuwa goma. Tun Oktoban 2021 kuma doka ce a Amurka likita ya bi jerin haɗurran nan ɗaya bayan ɗaya da mace, ta sa hannu, kafin a shiga da ita ɗakin tiyata. Shekara 59 ke nan bayan an yi wa Lindsey ciniki da gyaran kunne.

Ranar Asabar na je gidan Yaya muka sauke akwatinta na ƙarfe. Ƙarƙashin atamfofin da ba a ɗinka ba da tsofaffin takardun asibiti muka samo katin, ɗan ƙarami kamar katin banki. A jiki akwai sunan kamfani, lambar jakar, girmanta, da bayanin cewa mai santsi ce. Ni na karɓe shi a Indiya na cusa cikin takardu, ban san darajarsa ba. Yaya ta juya shi ta ce, "Yanzu wannan ɗan abin ne duk muke nema?" Na ce shi ne, domin duk ranar da aka ce an janye wani samfuri, shi kaɗai zai gaya miki ko da ke ake.

Mako na gaba aka yi mata sikanin. Jakar na nan lafiya, tantanin ya ɗan yi ƙarfi amma bai kai na damuwa ba. Likitan ya ce ta dawo bayan shekara biyu, ko kafin nan in ta ga canji. Zancen jirgi kuwa ya ce babu shi, canjin iskar cikin jirgi ba ya fasa jaka. Ya kuma gaya mata abin da ban taɓa kawowa a raina ba: ranar da jakar ta gaji, ba dole ne a sa wata ba. Tana iya zaɓar a canza, ko a gina maman da naman cikinta ko na bayanta kamar yadda Czerny ya faro, ko a cire a bar ƙirjin haka ta riƙa sa na cikin rigar mama. Yaya ta yi Umrarta ta dawo da dabino da zamzam.

Matanmu da ke fita Indiya da Masar da Turkiyya yin wannan aiki suna ƙaruwa, wasu don larura, wasu don ra'ayi, kuma kunya takan sa su dawo su rufe zancen ko da likitansu na gida. 'Yar'uwa, in kina cikinsu, nemo katinki yau ki ɗauki hotonsa a waya. In kin wuce shekara biyar ba a duba jakar ba, je ki a yi miki sikanin, kuma duk lokacin da za a yi miki hoton mama ki faɗa wa mai na'urar cewa akwai dashe. In kin ga kumburi, ko tauri, ko ciwo, ko ƙullutu a mama ko a hammata, ko ɗaya ya canza kama, kada ki jira wata shekara ta cika. In kuma yanzu kike shawarar yi, ki sa kuɗin tiyata ta biyu a lissafinki tun kafin ta farko, domin ba a fafe gora ranar tafiya.